Kashin Dankali a Kasuwar Cip

A ƙarshen Disamba na 2025 na shiga titin Beirut a Kano da takardar lissafi a aljihu. Ina da kwamfuta ashirin da huɗu a ɗakin da nake koya wa matasa da ƙananan ma'aikata aikin ofis, tara daga ciki sun yi nauyi, ɗalibi ya danna sai ya zauna yana kallon allo kafin shafi ya buɗe. Maganin sananne ne, a ƙara musu ram, wato ɗan allon nan siriri kamar mataji da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kansa. Na yi lissafina da farashin da na saya bara. Mutumin da nake ciniki da shi shekara da shekaru ya duba takardar, ya zaro ram guda daga cikin gilashi, ya ajiye a kan kanta, ya faɗi kuɗinsa. Na ɗauka kuɗin guda biyu ya faɗa, har na miƙa hannu ina jiran ya ɗauko na biyun.

"Guda ɗaya ne, Malam," in ji shi. "Wallahi ba daga ni ba ne. Wanda na sayar maka bara, yau ko ni ba zan same shi a wannan kuɗin ba. In za ka ɗauka ka ɗauka yau, gobe ban san abin da za a turo daga Legas ba."

"Haba Alhaji, tsohon yayi ne fa. Tsohon kaya ai sauka yake yi."

"Da can ne. Yanzu masu yin sa sun ce sun gaji da shi."

Na fito raina a ɓace, kuma da shi nake fushi. Sai da na kai gida na huce na gane na yi abin da zomo yake yi, ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Alhajin nan shi ne na ƙarshe a layi kafin ni. Fushina na yau na waɗanda ke can gaban layin ne, da kuma masu ce mana wai haka kasuwa take, a yi haƙuri, kamar ana maganar fari ko farin ɗango. Ƙarancin cip, wanda da shi ake yin ram, rabo ne ake yi, akwai mai riƙe da ludayi, akwai wanda ake fara zuba wa, akwai wanda ake bar wa ƙanzo. An tsara abin kashin dankali, manya a sama ƙanana a ƙasa, kuma mai ɗan shago a Kano ko Maraɗi shi ne na can ƙasan buhu.

Cip ɗan ƙanƙanin abu ne, wani bai kai farcen yaro ba, ana yin sa da silikon da ake tacewa daga yashi. Masu gyaran waya sun fi kiransa aisi. Yana cikin wayarka, da injin POS, da katin banki, da mitar wuta, da inbatar sola, da na'urar awon jini a asibiti, da ƙwaƙwalwar mota. Duniya duka ta dogara da shi, amma masu yin sa ba su cika tafin hannu ba. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi kaɗai yake yin fiye da rabin cip ɗin da ake bayar da kwangilar ƙerawa a duniya, a mafi ƙwarewar ciki kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari nasa ne. Injin da ake zana waɗannan mafi ƙwarewar da shi, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi, ASML da ke Veldhoven a Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150. Cip ɗaya yakan ɗauki wajen wata uku a masana'anta kafin ya kammala. Sabuwar masana'anta takan ci dala biliyan goma zuwa ashirin da shekaru na gini. Wanda ya bar garin duka yana sha daga rijiya ɗaya ya san abin da zai faru ranar da guga ya faɗa ciki.

Gugan ya faɗa a 2020. Da korona ta rufe duniya, kamfanonin motoci suka ɗauka babu mai sayen mota, suka soke odar cip ɗinsu. A daidai lokacin mutane suka koma aiki da karatu daga gida, aka yi rububin kwamfuta da waya da na'urar wasanni, masana'antu suka ba wa waɗannan gurbin da masu motoci suka bari. Kafin shekara ta ƙare kasuwar mota ta farfaɗo, masu motoci suka dawo suka tarar an cinye musu wuri. Ana wata ga wata: a Fabrairun 2021 ƙanƙara ta kashe wutar lantarki a jihar Texas ta Amurka, masana'antun Samsung da NXP da Infineon da ke Austin suka tsaya. A Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a Japan, wadda masu motoci suka dogara da ita. A wannan shekarar Taiwan ta shiga fari mafi muni cikin fiye da shekara hamsin, har TSMC ta koma ɗebo ruwa da tankoki. A 2022 yaƙin Yukiren ya tsayar da kamfanoni biyu, ɗaya a Mariupol ɗaya a Odesa, da ke samar da kusan rabin iskar niyon da masana'antun cip ke amfani da ita.

Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi ake rufe mana baki, a ce ƙaddara ce. Ni ban yarda ba. Ƙanƙara da gobara daga Allah suke, amma barin rumbu babu hatsi aikin mutum ne. Manyan kamfanoni sun shafe shekaru suna alfahari da cewa ba sa ajiye kaya, abin da za a yi aiki da shi yau shi ake kawowa yau, domin ajiya tana cin riba. Ma'aikatar kasuwanci ta Amurka da kanta ta bayyana a Janairun 2022 cewa ajiyar cip a hannun masu amfani da shi ta faɗo daga ta kwana 40 a 2019 zuwa ƙasa da ta kwana biyar a 2021. Kowane magidanci a ƙauyenmu ya san ba a shiga bazara da hatsin kwana biyar. Toyota, wadda girgizar ƙasar 2011 ta koya wa hankali, ta sa masu kawo mata kaya su riƙa ajiye cip na watanni, shi ya sa ta daɗe tana aiki bayan wasu sun durƙusa, sai a watan Agustan 2021 ta sanar da rage kashi 40 na aikin Satumba. Ashe ana iya tanadi. Sauran sun zaɓi ribar yau, suka raba ta a tsakaninsu, da asara ta zo kuma aka raba ta da mu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan kasuwar wanda ya ja ruwan yana da laima.

Dubi yadda aka yi rabon. A Janairun 2021 ministan tattalin arzikin Jamus, Peter Altmaier, ya rubuta wa takwararsa ta Taiwan wasiƙa yana neman a sa baki TSMC ta duba masu ƙera motocin ƙasarsa. Amurka ta kira shugabannin kamfanoni taro a fadar White House, daga baya Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 52 don masana'antar cip a watan Agustan 2022. Tarayyar Turai ta biyo da nata shirin na yuro biliyan 43. Kowa ya tashi ya kare nasa, kuma ban ga laifinsu a nan ba. Apple ya ce ƙarancin kaya ya ci masa dala biliyan shida a wata uku kacal na 2021, duniya ta ji, jaridu suka buga. Masu bin diddigin harkar motoci na AlixPartners suka ƙiyasta asarar dala biliyan 210 a shekarar. An nuna hoton sababbin motocin Ford jere a filin tsere a Kentucky suna jiran ɗan cip. To wa ya ƙirga tamu asarar? Wa ya rubuta wasiƙa saboda mai ɗakin buga takardu a Zariya, ko ƙaramin asibiti a Damagaram da na'urarsa ta mutu saboda aisi guda?

Na ɗanɗana wannan da kaina tun a 2021. Na tara kuɗi, na haɗa da bashin da na ci a wurin yayana, na biya kafin alƙalami na kwamfutar cinya guda goma a wurin wani babban dila a Legas. Aka ce mako uku. Mako uku ya zama wata biyu, wata biyu ya zama huɗu. Na riga na karɓi kuɗin rajistar ɗalibai, iyayensu suna tare ni a masallaci. Ranar da na matsa, wani yaron dilan ya gaya mini gaskiya: kaya sun iso tun tuni, amma wani babban kamfani ya zo yana son ɗaruruwa, ya ƙara kuɗi, aka haɗa masa har da nawa. Aka mayar mini da kuɗina yadda na bayar, babu ko sannu, alhali a lokacin ba za su sayi bakwai ba. Wannan shi ne ainihin abin da ƙaranci yake yi wa ƙaramin ɗan kasuwa. Tsadar ma da sauƙi. Abin da ke karya mutum shi ne ba zai iya yin alkawari ba, domin shi ma ba a cika masa. Babban kamfani yana da yarjejeniyar shekara da lauyoyi da sito. Ni ina da lambar wayar wani mutum da ke ɗauka ran da ya ga dama.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Da kayan kirki suka yi wuya, jabu ya cika gari. Akwai wani yaro mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da nake kai wa aiki, wata rana ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya sa wani aisi a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya karkata fitila. A ido sabo ne fil. A madubin kuwa sai ga layukan gogewa a bayansa, an kankare rubutun asali an buga wani, ƙafafunsa da ragowar tsohuwar dalma. Daga jikin matacciyar na'ura aka ciro shi, aka wanke, aka zuba a leda da sunan sabo. Ya ce a cikin goma da ya saya, huɗu ne suka yi aiki, kuma idan wayar mutum ta sake mutuwa bayan mako guda, shi ake kira maha'inci. Yaron nan bai taɓa jin sunan Morris Chang ba, amma mutuncinsa ne ke biyan bashin tsarin da aka gina a wata nahiya.

Har kasuwar mota abin ya biyo mu. Da sababbin motoci suka yi wuya a Amurka, mutanenta suka koma kan tsofaffi, farashinsu ya tashi da kusan kashi 40 cikin shekara ɗaya. Daga wannan kasuwar ake ɗauko da yawa daga cikin motocin da ke sauka a Kwatano da Legas. Direban da ke tara kuɗi don ya daina tuƙa motar wani sai ya ga motar tana gudu tana barinsa.

A 2023 aka ce ƙura ta lafa. Kaya suka yi yawa har farashin memori, wato irin su ram, ya faɗi, sai masu yin sa suka rage aiki da gangan don ya tashi, Samsung ya sanar da nasa ragin a Afrilun shekarar. Ban ji wanda ya kira wannan ƙaddara ba. Yanzu ga mu a zagaye na biyu, kuma wannan karon babu korona, babu gobara, babu fari. Kamfani uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke yin fiye da kashi 90 na ram ɗin duniya. Masu gina manyan rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira sun zo da kuɗin da ba a taɓa gani ba suna neman wani memori na musamman, wanda yin sa ke cin silikon kusan ninki uku na memorin gama-gari. A Oktoban 2025 kamfanin OpenAI ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Koriya biyun a kan buƙatar da aka ce za ta iya kaiwa faifan silikon dubu 900 a kowane wata. A Disamba Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, sashensa da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane ram, domin ya fuskanci manyan masu saye. Tun kafin nan kamfanonin sun fara janye hannu daga irin ram ɗin da ake kira DDR4, wanda shi ne a cikin da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke ofisoshinmu da makarantunmu. Abin da Alhajin titin Beirut yake nufi ke nan da ya ce masu yin sa sun gaji da shi. Sun duba masu saye, sun ga wanda aljihunsa ya fi nauyi, sun juya mana baya da rana tsaka, kuma sun faɗa a takarda.

Kada wani ya ce in kyautata zato. A 2005 Samsung ya amsa laifin haɗa baki wajen tsayar da farashin ram a gaban kotun Amurka, ya biya tarar dala miliyan 300, Hynix ya biya miliyan 185 a kan wannan shari'ar. Ban ce abin da ke faruwa yau ke nan ba. Amma kasuwar da mutum uku ke riƙe da ita ba ta buƙatar ganawar dare kafin farashi ya tashi, kowannensu ya san ɗan'uwansa ba zai yi gaggawar ƙara kaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Wanda zai fi jin jiki kuma an san shi. A waya mai tsada, kuɗin memori ɗan yanki ne na farashinta, mai yin ta zai iya haɗiye ƙarin. A waya mai araha, irin Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion da suka mamaye kasuwar Afirka, memori babban kaso ne, ribar kuma siririya ce, don haka ko dai a ƙara kuɗi ko a rage ƙarfin wayar a bar sunanta. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp, da mai POS a bakin titi, da ɗan sahu da ke karɓar kuɗi ta waya, wayar nan ita ce shagonsu. Su ne za su biya kuɗin gasar da attajiran duniya ke yi a kan wa zai riga wani gina rumbun basira. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da kwamfutar da ba ta da wani cip na tsaro ko wadda injinta ya tsufa. Miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ana tura masu su su sake sabuwa a daidai lokacin da sabuwar ta fi ƙarfin aljihu. Gaba kura baya sayaki.

Sai namu na gida, kuma a nan zafin ya fi yi mini ciwo. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haye 700 a 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,500. Duk ƙarin da aka yi a Taiwan ko Shenzhen, kafin ya iso Kano ya ninka, ga kuɗin kwastan, ga na tashar jiragen ruwa, ga na hanya. Ba na cikin masu cewa Najeriya ta gina masana'antar cip gobe. Ƙasar da ba ta iya ba unguwa wuta ta yini guda ba, ba za ta riƙe masana'antar da ɗaukewar wuta ta daƙiƙa kan lalata mata aikin makonni ba. TSMC da duk ƙwarewarta ta sanar da ginin Arizona a 2020, sai bayan shekara huɗu aka fara fitar da kaya. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa rashinsa ya fi ban haushi. A sauke haraji a kan kayan gyara, ram da batir da allo da aisi, domin a yau gyara ne kaɗai garkuwarmu. A sa ido a kan jabu tun daga bakin ruwa. A shiga ɗakunan ajiyar ma'aikatu a ga kwamfutocin da aka jibge suna cin ƙura saboda ƙaramar matsala, don kawai kwangilar sayen sabo ta fi ta gyara maiƙo, a fito da su a gyara a kai makarantu. A ɗauki dubban matasan da ke Farm Centre da Computer Village ta Ikeja a matsayin masu sana'ar da ƙasa ke buƙata, a ba su horo da wuta da kayan aiki, a daina tuna su ranar karɓar haraji kawai.

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa kuma, ba duka na wanke ba. Akwai wanda kayansa ke sito tun kafin tashin farashi, da ya ji labari sai ya kulle ƙofa ya ce babu, yana jiran ya ninka. Akwai mai goge tsohuwar kwamfuta ya sa ta a kwali ya rantse sabuwa ce. Ɓoye kaya don a ƙuntata wa jama'a, malamanmu sun daɗe da faɗin hukuncinsa, kuma hukuncin bai tsaya a kan gero da masara ba. Mai yin haka ya ɗauki halin manyan da suka danne shi ya sauke a kan maƙwabcinsa.

Na koma titin Beirut bayan kwana biyu. Farashin ya ƙara motsawa, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Kuɗin da na ware wa tara ya sayi huɗu. Sauran biyar ɗin, na kira yaron Farm Centre ya zo da jakarsa ranar Asabar, muka kwance biyu daga ciki muka raba ram ɗinsu ga ukun da suka rage. Yanzu kwamfuta ashirin da biyu ke aiki a ɗakin, biyu suna jingine a bango babu ciki. Ajin yamma mutum ashirin da huɗu ne, don haka huɗu daga cikinsu suna zama bibbiyu a kan allo ɗaya, ɗaya yana bugawa ɗaya yana jira, kuma kuɗin makaranta ɗaya suka biya da kowa.